Ragon Bishop a Gidan Inna Baraka

Idan ka je Illela kana neman tarihin bishop-bishop na cocin Angilika, kada ka wahalar da kanka. Nemi Inna Baraka mai raguna, wadda katangarta ke jingine da ta cocin. Musulma ce, carbi ba ya barin hannunta, ko zauren cocin ba ta taɓa takawa ba, amma ta san su kaf. Sai dai ba da sunayensu ta san su ba, da ragunan da ta ba su ne.

Abin ya samo asali tun tana ƙuruciya. Wata damina naƙudar ɗanta Sufyanu ta kama ta, mijinta Malam Dabo ya tafi Ƙonni da albasa, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rifkatu, matar malamin da ke kula da cocin, ta jiyo nishinta, ta tsallako katanga, ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi. Baraka ta rasa da me za ta saka mata, don baiwar Allah ko goro ba ta karɓa. Ana nan sai aka naɗa musu bishop, babbansu na yankin duka, aka ce zai zo daga birni. Lokacin cocin rumfar kwano ce kawai, ba su da abin tarbar baƙo, Rifkatu ta shiga damuwa. Baraka ta kwance ragonta ta aika. Ta kuma ce muddin tana numfashi, duk sabon bishop ragon tarbarsa yana wuyanta.

Bishop na farkon ta sa masa suna Dogo, don sai da ya sunkuya ya shiga rumfar. Ya sa aka ɗora ragon a bayan akori-kura ya tafi da shi, kuma a zamaninsa aka yi ginin bulo. Na biyu Mai Dariya ne, tana daka tana jiyo shi ta kan katanga. Shi kam kiran mahauci Musulmi ya yi aka yanka, don maƙwabta su ci, kuma shi ya haƙa rijiyar da unguwa ke sha har yau. Na uku, Mai Tabarau, ba ya son magana. Da aka kawo masa rago sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, Baraka ta ce wannan ɗan gidan kiwo ne. Ya daɗe ƙwarai a kujerar. A zamaninsa Rifkatu ta rasu, kuma da ya zo ta'aziyya sai da ya tsaya a ƙofar Baraka ya yi mata tata, ta sha kuka ranar.

To, Mai Tabarau ya yi ritaya, aka naɗa sabo, aka sa ranar zuwansa Lahadi. Baraka ta zaɓi wani farin balami ta yi ta ɗura masa dusa da harawa. Da safiyar ranar ta wanke shi tas, ta ɗaure a zaure ya bushe, ta shiga wanka.

Kowa ya san Lahadi ce kasuwar Illela. A gidan nan kuwa, tun zamanin Malam Dabo, ragon da aka wanke aka ɗaure a zaure ran Lahadi na kasuwa ne. Sufyanu, wanda yanzu dillali ne a kara, kasuwar dabbobi, ya dawo daga Amarawa bai san dawan garin ba. Ya gan shi, ya yaba, ya ja shi. Kafin aiken Baraka ya same shi, rago yana cikin tirela ta kama hanyar kudu.

"Mi ka yi mini haka, Sufyanu?" in ji ta.

"Inna, wallahi ban sani ba. Bari in koma kara in sawo wani."

"Na kasuwa? Ita Rifkatu hannun aro ta kama ka da shi? Tashi ka ba ni wuri."

Ta leƙa garke. Duk ƙanana ne, sai guda ɗaya, Ɗan Auta. Uwarsa ta mutu ranar da ta haife shi, Baraka ta raine shi da madara a kwalba. Tare suke zuwa rijiya, a bakin ɗakinta yake kwana, kuma sau nawa Sufyanu yana kawo masu saye tana korarsu da muciya. Ta tsaya tana kallonsa, shi kuma yana tauna gefen zanenta. Ga ganguna sun fara tashi a coci. Wallahi ranta ya ɓaci, amma alkawari kaya ne. Ta wanke shi da hannunta, ta ɗaura masa igiya, abin da bai taɓa sani ba, ta miƙa wa Sufyanu ta juya baya.

Aka tashi daga sujada a coci, aka gabatar da rago, aka ba sabon bishop labarin Rifkatu da maƙwabciyarta. Ya yi godiya. Sai aka zo sa Ɗan Auta a mota, nan fa ake yin ta. Ya turje, ya tunkuyi direba, ya fizge igiya, ya ratsa ta tsakiyar matan zumuntar coci suna ta watsewa, ya faɗa gida ya ɓuya a bayan Baraka.

Jim kaɗan ta ji sallama. Bishop ne da kansa a zaure, da sandarsa mai lanƙwasa, da jama'a a bayansa. Kunya ta kama ta kamar ƙasa ta tsage.

"Ranka shi daɗe, a yi haƙuri, ba shi da hankali. Yanzu za a ɗaure shi."

Ya dubi ragon, ya dubi idanunta da suka yi ja. "Mama, kin ba ni shi, ko?"

"Na ba ka, har ga Allah."

"To, na karɓa. Amma ni gidana a birni ba garke. Ki riƙe mini shi amana. Kada a sayar, kada a yanka, duk zuwan da na yi zan duba haƙoransa."

Sai hawaye da dariya suka zo mata a haɗe.

Yau Ɗan Auta ya yi ƙiba har tafiya yake da ƙyar. Yana cin tattasan masu talla ba mai ɗaga masa sanda, sai dai a ce a bar shi, ragon Bishop ne. In Sufyanu ya tsaya yana auna shi da ido, sai ta ce, "Kauda idonka, dukiyar mutane ce." Na tambaye ta wane suna ta sa wa na huɗun. Ta ce ai shi ba ya bukatar laƙabi, Baban Auta ne.