Hannu-a-Baya da Ramin Asabar

Kullum da safe, kafin shagunan layinsu su buɗe, yakan ɗaga ƙofar garejinsa, ya share ƙasa, ya jera sifanoni a jikin allo daga ƙarama zuwa babba, sannan ya jawo tsohuwar kujerar motar da ya mayar wurin zama ya ajiye ta a bakin ramin da ake shiga a yi gyara a ƙarƙashin mota. Sauran ranaku aiki yake yi kamar kowane makanike. Amma ranar Asabar, rami ɗaya da kayan aikinsa na masu ƙananan motoci ne, waɗanda suke son yin gyaransu da kansu. A ranar ko noti ba ya taɓawa. Sai dai ya haɗe hannayensa a baya, ya tsaya a kanka yana kallo. Daga nan aka laƙaba masa Hannu-a-Baya, har sunan nasa na yanka ya ɓace mana.

Ta dalilin ƙanwata na san shi. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da wata 'yar mota wadda shi yake yi mata komai a ƙofar gida. Wurin aikinta da nisa, kuma sai ta sauke yara a makaranta kafin ta wuce. In motar ta tsaya, aikin ya tsaya. Kai ta gareji a kan kowane ƙaramin abu kuwa ya fi ƙarfinta. Dangi suka ce ta sayar ta huta, ta ƙi.

Ni babban yaya sai na naɗe hannun riga, na ce canjin baƙin mai ai ba wani abu ba ne. Har yau ina zargin wanda ya ƙera motar nan bai taɓa buɗe bonet ba. Ya ɓoye filtar mai a bayan inji, dab da salansa, inda hannu ba ya shiga sai ya bar fata. Ƙwan fitila in ya mutu, sai ka cire taya kafin ka kai gare shi. 'Yan maƙalan robar murfin ƙasa kuwa, kallonsu ma kana yi suna karyewa. Na wuni kwance a kan kwali, mai yana ɗiga mini a kunne, notin tsiyaye mai da ke ƙasa ya ƙi ko motsi. Ƙanwata tana tsugune da tsumma a hannu, ta ce a hankali, “Yaya, ko dai in bi maganar dangi?” Wannan magana ta fi ƙunar salansa yi mini zafi. Maƙwabcinmu da ya gaji da jin tsakina shi ya nuna mana hanyar garejin.

Da muka isa ranar Asabar na miƙa wa dattijon makulli. Bai karɓa ba.

“Motar wace ce?”

“Tata ce,” na ce.

“To ita za ta shiga ramin.” Ya juya wajenta. “'Yata, ranar da motar nan za ta yi miki gardama a hanya, yayanki yana can wurin aikinsa.”

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta sauka. Yana tsaye yana faɗa mata: bari injin ya ɗan huce, sa doguwar sifana, tura da tafin hannu kada ki fizga. Notin da ya wahalar da ni ya saki. Ta tsiyaye mai, ta lallaɓa ta kwance tsohuwar filta, ta ɗaura sabuwa, ta fito da murnarta za ta zuba sabon mai.

“Ina robar tsohuwar?” in ji shi.

Ta ɗauki tsohuwar filtar ta juya. Zoben robar da ke bakinta babu shi, ya manne a jikin inji, ta kuma ɗora sabuwa a kansa. Da ta tayar da motar a haka, man duka a titi zai zube, injin ya buga, maganar dangi ta tabbata. Na ƙosa, na ce, “Baba, ai da ka sa hannu da tuni mun gama.”

Ko kallona bai yi ba. “In na sa yau, wata Asabar ma sai na sa. Koma ki ɓamɓaro ta da yatsa, 'yata.”

Kai ne, Baba, ka ga ɓarna tana tafe, hannunka yana ƙaiƙayi, ka danne shi ka yi tambaya kawai. Telan layinku ya ce a raminka ya koyi canja birki. Wani direban haya ya ce ka tsaya masa a rana har ya gane fulogin da ya mutu. Abokan sana'arka sun yi ta ƙorafi wai kana raba sana'a kyauta, ka ce babban gyara ai wurinku zai dawo. Ban ce ba ka da ban haushi ba. Mutum yana gumi a ƙasa kana sama kana cewa “sake dubawa”, wannan sai mai haƙuri.

Bana hannayen nan suka fara rawa. Ya miƙa garejin ga ɗan ƙanensa, da sharaɗin ramin Asabar yana nan yadda yake. Ranar sallama muka taru, masu 'yan kwarakwasan motocinmu. Tasa tsohuwar motar tana kan rami, ya ce bari ya canja mata mai na ƙarshe da kansa. Ya ɗauki sifana, ta suɓuce ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

Ƙanwata ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta tsinci sifanar, ta sauka ramin. Dattijon ya daɗe yana kallonta, sannan a hankali ya mayar da hannayensa baya. Can ya gyara murya zai yi tambayar da ya saba. Kafin ya buɗe baki, hannunta ya leƙo daga ramin, baƙin zoben roba yana rataye a yatsarta. Ya yi dariya har sai da ya goge ido da kafaɗa.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da kuka iya wani abu, ɗinki ne ko gini ko gyaran famfo, ku gwada mayar da hannu baya ku bar wani ya kama, ko da zai ɓata muku safiya. Ƙanwata tana nan a wurin aikinta. Motar ma tana nan, kuma ranar Litinin da safe bugu ɗaya ta tashi.