Kifin da na zuba wa maganin feshi

Jama'a, na daɗe ina haɗiye maganar nan. Tsufa ya zo, gara in faɗa da bakina.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan ina saurayi, ina sana'ar su a kogin Wudil. Maganin feshin gona ya cika kasuwa, ga araha. Wani ya raɗa mini cewa in ka tsiyaya shi a gurbin ruwa, kifi zai taso da kansa, ba taru ba ƙugiya.

Na tsiyaya. Ya taso kuwa, har 'yan ƙananan da ba su kai yatsa ba, har kwaɗi. Na sayar, na gasa saura na ci, ina ganin na fi kowa wayo.

Kafin azahar yawu ya fara dalalo mini kamar jariri. Amai, gudawa, gumi, ido ya yi dishi-dishi. A motar shanu aka kai ni asibiti Kano, akuyar Inna ce ta tafi a kuɗin mota.

Aka zura mini roba ta hanci aka wanke cikina, aka ɗaura ƙarin ruwa. Na sadaƙar mutuwa zan yi.

Washegari da safe na buɗe ido, sai ga ƙanin Inna, Kawu na garin Indabo, a gadon kusa da ni. Da ƙyar ya ce, "Ɗan nan, har da kai? Sannu. Ni kifinka kawai na ci jiya."

Ni yake yi wa sannu!

Likita ya zo ya ce, "Duk daga yanki ɗaya kuke. Me kuka ci? In ban san gubar ba, lalube nake yi."

Kunya ta ɗaure mini baki. Daga baya na faɗa, aka sauya allura, sati biyu aka sallame ni.

Sarkin ruwa ya tara masunta, aka rufe gurbin, muka riƙa gadinsa bi da bi har kifi ya dawo. Ba su kore ni ba, Allah ya saka musu, su da likitan nan.

Don Allah kada ku zuba wa ruwa abin da ba za ku sha ba. In kuma likita ya tambaye ku, ku faɗa nan take. Ni sai la'asar na buɗe baki. Kawu da azahar ya cika.