Enoch Pardoe da Autan Gidan Tabberley

Rosalind tana da shekara bakwai ta fara jin sunan Enoch Pardoe. Ranar an wuni ana ruwa, an hana ta fita, sai ta jawo kujera ta hau, ta buɗe babban Littafi Mai Tsarki na gidansu, wanda a shafinsa na farko ake rubuta sunan duk ɗan da aka haifa wa zuriyar Tabberley. Ta bi sunayen da yatsa. Mutanen zamanin kakanninta da ke wannan shafi kowa da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa, in ban da mutum ɗaya. Da aka zauna cin abincin rana sai ta kasa haƙuri.

"Kaka, wane ne Septimus? Shi bai mutu ba ne?"

Kakarta, Uwargida Honoria, ko kai ba ta ɗaga daga kwanon miyarta ba. Ta ce, "Ƙanen kakanki ne, kuma ya fi ni lafiya. Ki tambayi Enoch Pardoe, shi ke ba shi abinci."

Washegari ta sami Enoch a lambu. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, da wata malafa da ba wanda ya taɓa ganin ya cire ta don wani ɗan Adam, ko da limamin coci ne. Ya saurari tambayarta, ya soke cebur ɗinsa a ƙasa, ya kai ta gindin katangar da rana ke dukanta. A nan ya tuɓe malafar, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ga jikarka ta zo gaisuwa."

Rosalind ta duba hagu, ta duba dama. Sai da ta dubi ƙasa ta ga wani ƙaton kunkuru, da ganyen latas rabi a baki rabi a waje, yana kallonta kamar ta zo roƙo.

Ga yadda abin ya faru. Maigida Ambrose Tabberley, kakan mahaifinta, 'ya'ya shida ya haifa. Da wani ƙanensa matuƙin jirgin ruwa ya kawo masa kunkuru tsaraba, sai ya ce duk cikin gidan wannan kaɗai ne ba ya mayar masa da magana, ya ɗauki alƙalami ya rubuta shi na bakwai a ƙarƙashin sauran. Bayan shekara biyu Maigida ya fita farauta, doki ya kayar da shi cikin taɓon fadama, ya nutse har wuya. Silas Pardoe, mahaifin Enoch, shi ya jawo shi da igiyar ɗaurin ciyawa. Tukuicinsa shi ne ɗan gidan da ke bakin ƙofar shiga, da eka uku a bayansa, aron rai uku kamar yadda aka saba: a rubuta sunan mutum uku, muddin ɗayansu na numfashi gidan na hannun wanda aka bai wa. Silas ya faɗi sunansa da na matarsa, ya tsaya yana susar ƙeya don ba su haihu ba tukuna. Maigida ya ce wa lauya, "Rubuta ɗana Septimus." Lauya ya rubuta bai yi tambaya ba.

Silas ya rasu, matarsa ta bi shi. Tun daga nan rufin da ke kan Enoch da 'yarsa Tabitha ya rataya a wuyan kunkuru, wuyan da rabin shekara ma a ɓoye yake.

Rosalind ta taso tana bin Enoch zagayen iyaka, kuma a bakinsa ta haddace ƙasar gidansu fiye da yadda ta haddace darasin makaranta. Shi ba ya kiran gona da faɗinta, da dalilinta yake kiranta. "Fadamar kogi ta zo ne da Uwargida Maud, ita da haƙoranta biyu na gaba, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Kurmin arewa kakan kakanki ya ci shi a tseren doki, don dokin abokin karawarsa ya tsaya cin ciyawa. Wancan tudun kuwa shekara arba'in ana shari'a a kansa, da aka ci shari'ar aka tarar ko ƙaya ba ta fita a wurin." Ita kuma sai ta koma gida ta rubuta duka a littafinta, har da haƙoran.

Tana da shekara goma sha tara mahaifinta ya rasu. Ƙasar Tabberley ba ta bin 'ya mace, saboda haka ta faɗa hannun Baffa Cuthbert, ɗan ƙanen kakanta, wanda aka haifa a London, bai taɓa taka Fenwold, ƙauyen da gidan yake, ba sai ranar jana'iza. Ya zo da takalma masu ƙyalli, da wani Mista Ferrabee wanda sana'arsa ita ce tsara asalin manyan gidaje a doguwar takarda, da rassa da ganyaye da zanen garkuwa. Ya kuma zo da shawara. Wani mai masana'antar bulo ya gaya masa babu yumɓu mai kyau a yankin nan kamar wanda ke ƙarƙashin gidan Enoch.

Mista Ferrabee ya yi wata biyu yana haƙilo a ɗakin littattafai. Kowa ya samo masa kabari in ban da Septimus. Da yake mutum ne da ba ya son ganin reshe a buɗe, sai ya yi nazari ya gano cewa autan babban gida wanda ba a binne shi a gida ba, ai soja ne. Ya ba shi muƙamin Kanar, ya kashe shi a wani yaƙi a ƙetaren teku. Ya kuma tono hoton wani mai gashin baki a ɗakin shirgi, aka goge shi aka rataye a zaure.

Rosalind ta ruga wurin kakarta. "Kaka, ba za ki gaya musu ba?"

"Wa ya tambaye ni? Rabona da nishaɗi irin wannan tun bikina."

Da Enoch ya shigo da itacen wuta ya ga hoton, ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Idon ya yi kama. Gashin bakin ne dai aka ƙara."

A tsakiyar Janairu takardar lauya ta iso. Ta ce ko a gabatar da Septimus Tabberley da ransa kafin sha biyun rana ta ashirin da biyar ga Maris, ranar da ake sauya mazauna gonaki, ko Pardoe ya kwashe kayansa. Rosalind ce ta karanta masa, ta yi dariya ta ce wannan ai da sauƙi. Enoch bai yi dariya ba. Ya kai ta ɗakin ajiya ya nuna mata akwati cike da busasshiyar ciyawa, sannan ya nuna mata bayan ƙofa, inda shekara hamsin shi da mahaifinsa suke tsaga alamar ranar da kunkurun ya farka daga barcin hunturu.

"Duba nan, 'yar nan. Bai taɓa buɗe ido kafin tara ga Afrilu ba. Shekarar da aka yi gobara a rumbu ma bai motsa ba."

"To a tashe shi mana, Baba Enoch."

"A tashe shi? Ke kin taɓa ganin an tashi ɗan Tabberley daga barci an wanye lafiya?"

Duk da haka sai da aka gwada. Aka matso da akwatin kusa da murhu, taku ɗaya kowace rana, don Enoch ya ce gaggawa na iya kashe shi. Tabitha ta saƙa wa akwatin riga. Rosalind takan zo da hantsi ta zauna ta karanta masa sunayen kakanninsa tun daga na farko, ko kishin gida zai motsa shi. Enoch kuwa labarin gari yake ba shi. "Ranka ya daɗe, an ce ka mutu a yaƙi. An ce ka yi jarumta ƙwarai. Ni dai na ce ban san ka da fita nesa da latas ba." Kunkuru na nan kamar dutsen niƙa.

Dabara ɗaya ta rage masa. Akwai wani ɗan fure rawaya da ke fitowa a gindin katanga, wanda Septimus zai bar kowane abinci dominsa. Enoch ya sami tushe ɗaya da ya fara toho, ya kife masa kwalbar gilashi, yana lallaɓa shi kamar jariri. Ran ashirin da huɗu ga Maris ya kusa buɗewa. Ran ashirin da biyar da safe Enoch ya je ya tarar da kwalbar a gefe, furen babu.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka hallara a zaure, ƙarƙashin hoton Kanar: Baffa Cuthbert, Mista Ferrabee, lauya Mista Oddy, Uwargida Honoria da saƙarta, da Rosalind. Enoch ya shigo cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci yana tura baro. Abin da ya fara gani shi ne furensa, a soke a ƙirjin rigar Baffa Cuthbert, wanda ya tsinke shi da safe sa'ad da ya je auna filin. Enoch ya dubi Rosalind, ya dubi furen.

"To, Pardoe, ina Kanar ɗin?" in ji Baffa.

Enoch ya ciro kunkurun daga ciyawa da hannu biyu, ya ajiye shi a tsakiyar tebur, ya cire malafa. "Ga shi, yallaɓai."

Mista Ferrabee ya nemi kujera ya zauna.

Baffa ya ce wannan raini ne. Mista Oddy ya gyara tabarau ya karanta takardar aron, ya ce an rubuta "Septimus Tabberley, mazaunin lambun gidan," kuma ba a ambaci yawan ƙafafunsa ba. Baffa ya buga tebur ya ce dabba ba ta zama ɗan gida, a soke sunan.

Uwargida Honoria ta ajiye saƙarta. "Rosalind, kawo Littafin." Ta buɗe shafin farko ta tura masa. "Cuthbert, karanta mini na shida."

"Lucius. Mahaifina ke nan."

"Na bakwai fa?"

Ta aza yatsa a kan sunan Septimus, ta ci gaba.

"Hannu ɗaya ne, tawada ɗaya. Rajistar coci ta wancan zamani ɓeraye sun cinye, wannan shafin kaɗai ya ce ubanka ɗan gidan nan ne. In Ambrose ba a cikin hankalinsa ya rubuta na bakwai ba, sai mu zauna mu duba na shida."

Mista Oddy ya yi tari ya ce a ganinsa a bar shafin yadda yake. Amma ya ƙara da cewa takarda rai ta nema, shi kuwa abin da yake gani a tebur ƙoƙo ne kawai. Aka kanga madubi a bakin ƙoƙon, bai yi gumi ba. Aka kaɗa cokali a jikin kofi. Mista Ferrabee, da ya ɗan farfaɗo, ya ba da shawarar a busa ƙahon soja. Agogon zaure ya nuna saura minti biyar. Rosalind ta dubi furen da ke ƙirjin rigar Baffa, sai ta juya wurin baffanta da ladabi.

"Baffa, kai ne maigida yanzu. Kada gobe a ce da ganin wasu ka yi hukunci. Ka kara kunnenka ka ji da kanka."

Maganar ta yi masa daɗi. Ya gyara riga, ya sunkuya, ya kara kunne a bayan kunkurun, ƙirjinsa daidai bakin ƙoƙon. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. "Babu kowa a ciki," in ji shi.

Yana cikin faɗa wani tsohon kai mai tamoji ya leƙo a hankali, ido ɗaya a buɗe. Ya shinshina. Ya miƙa wuya ya cafke furen, ya haɗa da bakin rigar, ya ƙi saki. Baffa ya yi tsalle baya, kunkuru ya biyo shi har gefen tebur, Enoch ya tare shi da hannu biyu yana cewa, "A hankali, ranka ya daɗe, ɗanka ne, bai sani ba ne."

Agogo ya buga sha biyu. Mista Oddy ya tsoma alƙalami ya rubuta: "Yana raye, kuma yana cin abinci."

Baffa Cuthbert ya koma London kafin ƙarshen mako, da rigarsa mai ɓula. Mista Ferrabee bai yarda ya soke aikinsa ba, sai dai ya ƙara kalma biyu a ƙarƙashin mutuwar Kanar: "ya dawo." Hoton mai gashin baki har yau yana zaure, don Uwargida ta hana a sauke shi. Septimus kuwa, da ya gama furen, ya koma barcinsa har sha ɗaya ga Afrilu.

Enoch ya ƙara shekara tara a gidansa, kuma a cikinsa ya rasu, a kan gadon da aka haife shi. Tabitha ce a ciki yanzu, ita da 'ya'yanta huɗu da latas jere bakwai. A lokacin kaka na ƙarshe a rayuwarsa, ranar da yake shimfiɗa sabuwar ciyawa a akwati, Rosalind na riƙe masa murfin, ya ga littafinta a aljihun rigarta.

"Har yanzu kina rubuta mutanen gidanku?"

"Ina yi, Baba Enoch."

"To zan roƙe ki abu. In kin zo kan Septimus, ki rubuta shekarar zuwansa, ki bar gabanta fili, kada ki bari wani mai tabarau ya cike miki. Ni kuma in akwai ɗan wuri a ƙasan shafin, ko a gefe ne, ki sa sunana. Ba sai kin ce komai ba. Ki ce dai shi ne mai ba shi abinci."