Warin Gwambaza

Kakarmu, Iya Ladi, ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, garwashi ya rage a murhu. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa da gyaɗarsa a tafin hannu, ita kuma tana tona wuta da tsinke kamar ta ɓoye wani abu a ciki. "Ku matso, ba zan ɗaga murya ba," iyakar gabatarwarta ke nan. Ni ne mai yawan tambaya a cikinmu, har ta laƙaba mini Alƙali, kuma ba yabo take nufi ba.

Akwai labari ɗaya da ta fi maimaitawa, shi ne kuma wanda ban taɓa ganewa ba. Wai wani maharbi ne ya harbo gwambaza a shekarar yunwa. Gwambaza naman daji ce babba, mai ƙaho, halal ce ba gardama, sai dai gashinta na da wani maiƙo mai warin tsohon bunsuru. Uban maharbin ya koya masa cewa da wuƙa biyu ake aikinta. Ka feɗe da ɗaya, ka ajiye ta nesa, ka wanke hannu da toka, sannan ka ɗauki ta biyu ka yanka nama. Shi kuwa ɗoki ya ɗebe shi, ya yi komai da wuƙa guda. Da aka ɗora tukwane, gari duka ya ɗauki wari. Mutane da yunwarsu suka zubar, har karnuka suka shinshina suka wuce.

Maharbi ya koma daji da kunya, ya sake samo wata. Wannan karon ya bi ƙa'ida tiryan-tiryan, nama ya fito fes. Amma ko da ya shigo gari, tun daga nesa aka fara toshe hanci. Babu wanda ya matso ya shinshina.

Daga nan ne Iya ke rikita ni. Wata rana ta ce wata tsohuwa makauniya ce ta ci, ta kira jama'a, aka yi ta neman gafara. Wata rana ta ce shi kaɗai ya ci namansa, ya tattara ya bar garin. Akwai ranar da ta ce ashe na biyun ma da ɗan wari, shi ne hancinsa ya saba.

"Iya, to wane ne mai laifi?"

"Alƙali, kai ka ji warin?"

"Ina zan ji, ba na wurin?"

"To ci gyaɗarka."

Haushi nake kwana da shi. Kowace tatsuniya tana da mugu da nagari, wannan kuwa an bar ni a tsaye.

Yau ina tuƙin mota a Doha, mu huɗu a ɗaki a unguwar Al Wukair. Cikinmu akwai Awudu, ɗan Zangon Kumasi, kuku ne a gidan wani Ba'amurke a unguwar Al Sadd. Duk Juma'a shi ke dafa mana shinkafa da wake, mu ci a faranti ɗaya. Wata rana, cikin hira, ya nuna mana a waya hoton maigidansa a ƙasarsu, durƙushe kan wata dabba da ya harbe. Wai sunanta jabalina. Hanci na alade, haƙora na alade, gashi tsaitsaye.

"Mutumin ya ce ba alade ba ne," in ji Awudu. "Akwai wani ƙulli a bayansa kamar cibiya, nan warin yake. In wuƙa ta taɓa wurin, khalas, nama ya ɓaci. Shi ya sa wuƙa biyu yake riƙewa."

Ina Iya Ladi, wadda ko Kano ba ta taɓa zuwa ba, ina maharbin Amurka? Na buɗe baki zan ba su labarin gwambaza, sai Malam Sabo, babbanmu a ɗaki, ya riga ni.

"Mai cin wannan, me zai bari? Awudu, faɗi gaskiya, me kake dafa masa?"

"Malam, dabbar nan tana can ƙasarsu, ni ban taɓa ganinta ba."

"Ba ita na tambaya ba."

Awudu ya ce abin da aka ba shi yake dafawa, wani ya san shi, wani bai sani ba, amma yana wanke hannu, kuma wuƙarsa ta ɗaki daban ce. Daga ranar kowa ya koma sayen abincinsa. Ba a yi faɗa ba, ana gaisawa. Ni ma na bi sahu, ina ce wa kaina taka-tsantsan ne.

Juma'ar da ta biyo, na dawo daga masallaci na tarar da Awudu a ƙasa, farantin mutum huɗu a gabansa, yana ci daga gefe ɗaya. Tausayi ya kama ni, tsoro ma bai sake ni ba. Ban san hukuncin aikinsa ba, ni ba malami ba ne. Abin da na sani, mun toshe hanci ne a kan hoton waya.

Na zauna, na yi bisimilla. Da na ɗebo loma, sai na ga hannuna ya tsaya a bakin hanci, ba da niyyata ba. Awudu ya gani, ya kira ni irin kiran mutanen Kumasi.

"Massa, ka ji wani abu?"

Na shaƙa sosai. Manja ne, da albasa, da yaji.

Har yanzu ban san wanne ne ƙarshen labarin Iya na gaskiya ba. Wataƙila ita ma ba ta sani ba, wataƙila ya danganta da wanda ya matso. Shekaru ina jin haushin tambayarta, ina ɗauka gudun amsa take yi. Ranar nan dai ina wurin, kuma ban ji komai ba.

"Matso da yajin nan," na ce masa.