Ranar da Na Rungumi Kwamfuta Zuwa Gusau

Shekarun baya, ina zaman gida a Bungudu bayan na gama kwaleji, aiki ya ƙi samuwa, sai aka ɗauke ni a wani shiri na koyar da gina shafukan intanet. Amma da sharaɗi. Kowa ya girka wa kwamfutarsa manhajar da ake ɗora ginin shafi a kanta, wadda masu harkar ke kira firemwok, ya turo hoton shafin maraba kafin Juma'a. Wanda bai turo ba, a ba wani gurbinsa.

Kwamfutata irin ta kan tebur ce, tsohuwa, yayana ya bar mini ita da aiki ya mai da shi Tsafe. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe. Ni kuma iyakar sanina da ita buga takarda. Ga sabis ɗin unguwarmu, abin da nake saukewa sai ya kai rabi ya tsinke. Na yi ta fama har ranar Alhamis ta zo ban tsinana komai ba.

Da safe na kwance wayoyinta, na naɗe ta a zani, na maƙale allon a hammata. Mahaifiyata ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona.

"Ke, ina za ki da wagga aba? Asibiti?"

Na ce, "Kusan haka ne, Inna. Gusau za ni."

"To Allah shi ba ta lafiya."

A mota na ɗora ta kan cinya na rungume, duk ramin da muka faɗa sai in ƙara ƙanƙame ta. Na sauka Sabon Gari wurin wata ƙawata da muka yi makaranta tare, Kirista ce, tana da shagon buga takardu mai janareta da intanet mai ƙarfi. Ta share mini gefen tebur, ta ce, "Ga wuri nan. Amma man da ke cikin janaretan nan ba zai wuce la'asar ba."

Na fara girka harshen kwamfuta da manhajar ke aiki da shi, ina ta danna "ci gaba" ba na karanta komai, don sauri. Sannan na buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, na kwafi layin da malaminmu ya bayar, na danna. Jan rubutu ya cika allo. Na sake, ja. Na kashe na kunna, ja. Har shafa kanta na yi ina lallashi, mutanen da ke jiran takardunsu suna ƙunshe dariya. Zuciyata ta ce mini, ke 'yar ƙauye, tattara ki koma gida.

Sai na tashi na yi sallar azahar a bayan shagon. Da na dawo na ce bari dai in karanta jan rubutun nan kalma bayan kalma, tunda duk tsawon lokacin nan tsoronsa nake ji, ban duba abin da yake cewa ba. Ashe kwamfutar ce ke cewa ba ta san inda harshen da na girka yake zaune ba. Na bincika, sai ga dalili: akwai wani ɗan akwati a shafin farko da ake sa wa alama don a nuna mata hanya, ni kuwa na tsallake shi.

Na goge, na sake girkawa, na sa wa akwatin alama. Na rubuta umarnin da Bismillah. Wannan karon fararen layuka suka fara gudu kamar tururuwa. Na tayar da shafin, na rubuta adireshinsa, sai ga shi ya buɗe, yana taya ni murna.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Wani Alhaji da ke ƙofa har ya zabura. Ƙawata ta leƙo ta ce, "Wannan ɗan shafin ne ya hana ki cin abinci?"

Na ce, "Daga cikin kwamfutata yake fitowa. Ni na tashe shi!"

Ta rungume ni muna ta tsalle, ita ce ma ta ɗauki hoton na tura. Gurbina ya tabbata.

Yau da wannan sana'ar nake ci, na gina shafukan da suka fi wancan girma nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya ba ni irin daɗin ranar. Shi ya sa in ina koya wa sababbin ɗalibai, jan rubutu ya fito suka juyo suna kallona kamar za su yi kuka, sai in mai da hannayena baya in ce, "Karanta mu ji." Ba na taɓa musu komai. Guɗar nan tasu ce, ba zan ƙwace musu ita ba.