Ludayin Baba Kofur

Duk wanda ya san tashar manyan motoci ta Gusau a shekarun da aka ba mu jiha, ya san Baba Kofur da ludayinsa. Na ƙarfe ne, dogo, kullum yana soke a ƙugunsa kamar takobi. Da shi yake zuba miya, da shi yake nuna wa baƙo hanya, har masallaci da shi yake zuwa, ya ajiye tare da takalmi. Wan mahaifina ne. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, ni kuwa na samu lasisin yi masa faɗa son raina.

Ya yi soja, har an kai su Kwango raba faɗa tare da sojojin ƙasashe da yawa. Amma ku da kuka san shi kun san gaskiya: kuku ne. Ko kaza bai taɓa harbi ba. In aka tsokane shi sai ya ce, "Awo, kuku ne. To wa ya hana Ba'indiye da Bahabashe su cinye juna? Janar? Tukunyata ce!"

Raba faɗa ya zame masa ciwo. Ran kasuwar Tsafe, da idona na ga ya kutsa tsakanin raguna biyu masu karo, ya ɗaga ludayi yana ihu, "A tsagaita wuta!" Ragunan suka bar juna suka yi kansa, sai ga Baba tim a ƙasa. Muka kwaso shi yana ɗingishi, ina ta zuba masifa. Ya ce, "Uwata, bar faɗa. Ba ki ga sun haɗa kai ba? Ai abin da nika so ke nan."

A rumfar tuwonsa kuwa babu kwanon mutum ɗaya. Direban Nijar, na Chadi, na Kamaru, na Binin, duk tire ɗaya. Kuma kafin ka wanke hannu sai ka faɗi abin da ka gani a hanya: inda 'yan fashi suka tare, da wace mota ce ta wuce da kayan da ba a son a ɗaga musu tamfol. Wata rana wani direba daga Kamaru, Malam Buba, ya ce shi ba ya haɗa hannu da wanda bai sani ba. Baba ya ce, "To tashi ka tai ka ci da ɓarayin hanya, su ba su tambayar ƙasarka." Malam Buba ya yi tsaki, ya zauna, ya fi kowa loma.

Allah bai ba Baba haihuwa ba. Ƙanena Sani ya riƙe tun rasuwar mahaifinmu a Karakkai, shi ne ɗansa, shi ne hasken idonsa. Sai wani baƙon mai wa'azi ya sauka Tudun Wada yana tara samari, yana gaya musu duk wanda ba ya tare da su jininsa ya halatta. Sani ya daina zama kan tire. Ya ce ba ya cin abinci da ɓatattu.

Ranar na fara ganin Baba ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Sani, wagga magana na taɓa jin ta a Kwango, da wani harshe. Bayanta ƙauye guda muka rufe. Ni da ban taɓa harbi ba, na yi haƙan kabari har tafin hannuna ya tsage."

Sani ya yi dariya ya ce, "Yanzu kuku ne zai koya mani yaƙi?"

Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai zuciyata ta yi zafi. Ba a daɗe ba Sani ya ɓace tare da wasu samari. Aka ce an tsallaka da su iyaka, can cikin hamada, ana koya musu bindiga. Muka kai ƙara, aka ce abin da ya wuce iyaka ya wuce hannunsu.

Baba ya dawo rumfa, ya buga tire da ludayi har kowa ya yi tsit. Ya ce, "Kun ci tuwona. Ɗana na cikin ƙasar ɗayanku. Yana da tabo a girar hagu, ni na yi masa da ludayin ga, bisa kuskure." Aka yi 'yar dariya, shi kuwa hawaye ne ke bin gemunsa. Direbobi suka ɗauki magana, kowa ya kai tashar ƙasarsa.

Daga ranar, kullum sai ya ware malmala ɗaya ya rufe. In na ce, "Haba Baba, wannan ai ɓarna ce," sai ya ce, "Uwata, in ya zo da yunwa fa?" Da yamma ya miƙa wa duk direban da ya nufi iyaka.

Damina ta wuce, wata ta kama. Tari ya kwantar da Baba, muka mayar da shi gida Karakkai. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ita ce kar in daina ware malmalar. Na ce masa to, ina kuka, ina kuma jin haushinsa, don ni na riga na fid da rai.

Ran addu'ar uku wata motar albasa ta tsaya ƙofar gida. Malam Buba ya sauko, bayansa wani ramammen yaro, ƙafa duk ta faffashe, ga tabo a girar hagu. Ashe Sani gudowa ya yi daga sansanin. Direban Chadi ya gane shi a bakin wata rijiya, ya miƙa wa na Nijar, na Nijar ya miƙa wa Malam Buba.

Sani ya ce, "Yaya, ina Baba?"

Ya dubi tabarmin zaman makoki, ya dubi ludayin da ke rataye a zaure, sai ya zube. Na shiga na ɗauko malmalar ranar na ajiye gabansa. Ya daɗe yana kallonta. Sa'an nan ya tura kwanon tsakiya, ya ce da Malam Buba, "Baba, zo mu ci."

Allah ya jiƙan Baba Kofur, ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, 'ya'yan mutane da ke can har yanzu, ka maido su gida tun masu jiransu na da rai.