Inna da Hoton 'Ya'yanta Biyu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran mahaifiyarmu bayan gajeriyar jinya. Ni ce autarta. Na zauna in yi kuka a takarda, Inna, amma duk abin da na tuna game da ke sai dariya ta riga hawaye.

Da kika ajiye aikin ungozoma a asibiti, mun ɗauka hutawa za ki yi. Sai kika shiga ajin koyon zane da fentin mai, ke kaɗai mai furfura cikin yara. Ɗakin baya ya koma warin kananzir, gwangwanin madara cike da burushi, hannun rigunanki duk dabbare-dabbare. Malamarku ta ce a irin wannan zane ba kama ake nema ba, abin da ke cikin mutum ake fitarwa a fuskarsa. Wannan darasi kam kin haddace shi. Ni kika fara zanawa, da idanu kamar faranti da wuya kamar na raƙumi. Na yi fushi, kika ce, “To ai haka kike, 'yar sa ido.”

A lokacin akwai abin da ke cin ranki. Yayyena biyu, makaniken da malamin makarantar, sun daɗe ba sa ga maciji saboda wata baƙar magana da aka yi gaban jama'a. Kin yi nasiha, kin yi faɗa, kin turo kawunnai, duk a banza. Tsoronki shi ne ki bar duniya suna haka.

Rannan sai kika ce an ba ku aikin zana mutum biyu a ƙyalle ɗaya, kuma su kike so. Wa ya isa ya ce wa Inna a'a? Suka zauna a benci guda, kowa ya juya ƙeya kamar baƙi a tasha. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, don haka kika ce sai sun dawo mako mai zuwa. Suna dawowa sai su tarar kin sa wuƙa kin kankare rabin aikin, wai inuwar ba ta zauna ba. Ni na san babu abin da ya sami inuwa, dabara ce kawai.

Ranar da kika juyo musu da hoton, babban ya ga fuskarsa kore shar, leɓe a zumɓure. Ƙaramin kuwa ja wur, hanci ya karkace ya nufi kunne.

Babban ya ce, “Haba Inna, ni ne wannan?”

Kafin ki amsa ƙaramin ya ce, “Wallahi Yaya kai ne. Bakin nan ko a duhu na gane shi.”

“Kai da hancinka ya sha kwana kake magana?”

Suka fashe da dariya har benci ya nemi kifewa. Kika ci gaba da goge burushi kamar ba ki ji ba. Ban taɓa ganinki cikin farin ciki irin na ranar ba.

Ina kewarki, Inna, kewa mai tsanani. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba jikokinki da ƙawayenki na aji haƙurin rashinki. Masu neman yayyena don yi musu gaisuwa kuwa, ba sai kun je gida biyu ba. Ku zo gidan Inna, za ku same su zaune a tabarma ɗaya.